An ɗora wa mutum teburin harkokin mata a ma'aikatar gwamnati, ta ina zai fara?

Maman Sadiya:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga waɗanda suka san aikin gwamnati ciki da bai. A wata hukumar gwamnatin tarayya an buɗe teburin kula da harkokin mata, an ɗora wa ma'aikaciya 'yar mataki na 09, ba kasafi, ba takardar da ta fayyace aikin. Koke-koken da suka fi zuwa uku ne: rigimar hutun haihuwa, mata da ake tsallakewa a ƙarin girma da kwas, sai kuma shugaban da ke takura wa mace da neman lalata. Me doka ta tanada a kan kowanne, kuma wane mataki ake bi a aikace? Sannan kashi 35 cikin 100 ɗin nan na muƙamai da ake ta faɗa a ba mata, ya shafi ma'aikatan ofis ko kuwa 'yan siyasa kaɗai? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, 'yata. Abu na farko, mai wannan tebur ta mallaki kundin dokokin aikin gwamnatin tarayya, wanda aka yi wa gyara a 2021, ta ajiye tsohon na 2008 kusa da shi. Rabin rigimar hutun haihuwa daga nan take tasowa: jami'in mulki yana karanta tsohon, ma'aikaciya ta ji labarin sabon. Tsohon ya ce mako 16 da cikakken albashi. Sabon ya rubuta kwanakin aiki 112. Kwanan aiki kuwa ba ya haɗawa da Asabar da Lahadi da ranakun hutun gwamnati, don haka lissafin ba ɗaya ba ne. A sa ranar farawa da ranar dawowa ɓaro-ɓaro a takardar amincewa, kada a bar shi a "wata huɗu" kawai.

Ga inda mata ke faɗawa rami. Ana so a miƙa takardar asibiti mai nuna ranar da ake sa ran haihuwa aƙalla wata biyu kafin ranar, kuma hutun ya fara tun kafin haihuwa, ba bayanta ba. Da yawa sukan ɓoye cikin saboda kunya, ko su yi ta lallaɓawa suna zuwa aiki har naƙuda ta kama don su tara kwanakin a bayan suna. Daga ƙarshe takarda ta zo a makare, a sami abin riƙewa a kansu. Na biyu, hutun shekara. Ƙa'idar da aka daɗe a kai ita ce hutun shekarar da aka haihu a cikinta yana cikin hutun haihuwa. Wadda ta riga ta cinye hutunta na shekara a watan Maris, sannan ta haihu a Oktoba, za a iya cire mata albashin kwanakin da suka yi daidai da wancan hutun. Mai ciki ta san wannan tun kafin ta cike fom ɗin hutu.

Bayan dawowa, mai shayarwa tana da awa 2 kullum har tsawon wata 6 daga ranar da ta koma aiki. Inda ake tashi ƙarfe 4, ita ƙarfe 2 za ta tashi, ko a daidaita ta shigo a makare. Ba alfarma ba ce, haƙƙi ne. Amma kada ta dogara da "je ki kawai" na bakin shugaba. Ta rubuta, a amince a rubuce, kwafi ya shiga fayil ɗinta. In ba haka ba, ranar da aka sauya shugaban sashe, sabon zai buɗe littafin sa hannu ya ga wata shida tana fita da wuri, sai takardar tuhuma. Akwai kuma ƙa'idar da mutane ba su cika sani ba: duk wani matakin ladabtarwa da ya faɗo a lokacin hutun haihuwa ana ɗage shi sai ta dawo. Ba a yafe ba, amma ba a aika wa mai jego kwari, wato takardar tuhuma, a gida a ce ta amsa cikin awa 48.

Maza ma suna da nasu: kwanakin aiki 14, wanda majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da shi a 2021, sau ɗaya cikin shekara biyu, har zuwa 'ya'ya huɗu. Teburin mata ya riƙa tunatar da maza su karɓa. Ranar da namiji ya fara cike fom ɗin hutu saboda haihuwa, gorin da ake wa mata a kan nasu zai ragu.

Wannan duk na tarayya ne. Jihohi kowa da tsarinsa. Legas ta mayar da hutun wata 6 tun 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, saboda jariri ya samu nonon uwa zalla wata shida. Wadda ke aikin jiha ko ƙaramar hukuma ta nemi sakular, wato takardar umarnin gwamnati, ta jiharta, kada ta je tana kafa hujja da ta Abuja.

Kuma dokar da ta fi kowace a aikin gwamnati: duk takardar da aka miƙa, a je da kwafi biyu, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, a koma gida da shi. Fayil yakan yi ɓatan dabo a rajista, musamman fayil ɗin mai ƙorafi.

Barista Ɗan Fage:

Baba ya gama magana a kan hutu. Bari in ɗora da ɓangaren shari'a, don mutane suna haɗa dokoki uku wuri guda.

Tushe shi ne sashe na 42 na kundin tsarin mulki na 1999, wanda ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi, addini, ƙabila ko wurin asali, ko ta hanyar doka ko ta matakin hukuma. Dokar ƙwadago kuwa, sashe na 54, ta ba da mako 12 da aƙalla rabin albashi, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, amma ma'anar "ma'aikaci" a cikinta ta cire masu aikin mulki da ƙwararru. Saboda haka ma'aikaciyar gwamnati kada ta jingina da ita, kundin aikin gwamnati ya fi mata amfani nesa ba kusa ba.

Inda ake kai ƙara ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya ba ta hurumi a sashe na 254C kan duk rigimar aiki, ya kuma ambaci wariya da cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki da sunansu. Tana iya aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago na duniya da Najeriya ta rattaba wa hannu, ciki har da mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki, wadda Najeriya ta amince da ita a 2022. Ba sai an je Abuja ba, tana zama a Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauchi da Jos.

Misalin da ke nuna kotun na iya rusa ƙa'idar hukuma: a Janairun 2023 reshenta na Akure ya soke ƙa'ida ta 127 ta rundunar 'yan sanda, wadda ta ce a sallami 'yar sanda marar aure idan ta yi ciki. Kada a fahimci hukuncin a baibai. Kotu ba ta yaba wa ciki ba aure ba. Abin da ta duba shi ne ƙa'ida ta hukunta mace ita kaɗai, namijin ɗan sanda da ya yi wa wata ciki ba abin da ya taɓa shi. Wannan shi ne ma'aunin: idan abu ɗaya ya faru, shin hukuncin ɗaya ne ga mace da namiji?

Batun kashi 35 cikin 100, asalinsa manufar ƙasa kan jinsi ce ta 2006, wadda aka sabunta a 2021. Manufa ce, ba dokar majalisa ba. A ranar 6 ga Afrilu, 2022, babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar da ita a naɗe-naɗen muƙamai. Naɗin ministocin da ya biyo baya bai kai kason ba. Ga ma'aikaciyar ofis, Hajiya, gaskiyar magana ita ce ba za ta je da wannan hukunci ta ce a ba ta darakta ba, domin ƙarin girma yana da nasa ma'auni. Inda manufar ke da amfani shi ne wuraren da shugaba ke zaɓa da ra'ayinsa: kwamitoci, tawagar tafiya, kujerun kwas, riƙon shugabancin sashe.

Abu biyu kuma a kiyaye. Na ɗaya, lokaci. Akwai dokar kare jami'an gwamnati mai cewa a shigar da ƙara cikin wata 3. Kotuna sun yi ta saɓani kan ko ta shafi rigimar aiki, don haka mai hankali ba ya gwada sa'arsa, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Na biyu, matar da ta auri ɗan wata jiha. A tsarin rabon muƙamai na tarayya jiharta ta asali ake lissafa mata. A matakin jiha kuwa sau da yawa tana zama ba tsuntsu ba tarko: gida a ce ta yi aure ta tafi, jihar miji a ce baƙuwa ce. Ƙudurin da zai gyara wannan yana cikin ƙudurori biyar na haƙƙin mata da majalisar tarayya ta yi watsi da su ranar 1 ga Maris, 2022. Kada mace ta sauya jihar asali a takardunta na aiki ba tare da ta nemi shawara ba.

Uwar Ƙungiya:

Sannunku da ƙoƙari, Baba da Barista. Amma ni ina ganin an fara da rufi kafin a yi gini. Kafin hutu, kafin kotu, mai tebur ta fara da ƙidaya. Wanda bai da lamba a hannu, surutu kawai za a ce yana yi a taron shugabanni.

Ta rubuta wa daraktan kula da ma'aikata ta nemi jerin sunayen ma'aikata na hukumar. Ta zana shafi ɗaya: kowane mataki daga 03 zuwa 17, maza nawa, mata nawa. Sannan shafi na biyu na shekara uku da suka wuce: wa ya cancanci zana jarrabawar ƙarin girma, wa aka gayyata, wa ya ci, wa aka ba gurbi. Na uku: wa aka tura kwas, wa ya yi tafiyar aiki mai alawus. Ba a sa suna, lamba kawai. Waɗannan shafuka uku za su nuna inda tulun ke yoyo. Kada kowa ya ruɗu da cewa mata uku a jere sun riƙe kujerar shugabar ma'aikatan tarayya, Winifred Oyo-Ita, da Folasade Yemi-Esan, da Didi Walson-Jack da ta hau a 2024. Abin alfahari ne, amma ba ya gaya miki yadda lamarin yake a sashenku.

Yadda ƙarin girma ke tafiya: mataki na 06 zuwa ƙasa shekara 2 ake jira, 07 zuwa 14 shekara 3, 15 zuwa sama shekara 4. Kuma ba a ƙara wa kowa girma sai an tabbatar da shi a aiki, bayan gwajin shekara 2 da jarrabawar tabbatarwa. Ga ramin farko nan. Yarinya ta kama aiki, ta yi aure, jarrabawar tabbatarwa ta faɗo tana jego, ba wanda ya kira ta. Shekara ɗaya ta tafi, kuma wannan shekarar za ta bi ta har ritaya, domin sa'o'inta sun riga sun yi gaba.

Rami na biyu, sanarwa. A manna takarda a allon sanarwa, ko a jefa a zauren WhatsApp na sashe da ƙarfe goma na dare. Wadda ke hutun haihuwa ba ta gani ba. Hutun haihuwa hutu ne da albashi, ba ya yanke shekarun aiki, don haka sunanta ya kamata ya fito cikin waɗanda suka cancanta. Maganin mai sauƙi ne: mai tebur ta riƙe jerin duk masu hutu da lambobin wayarsu, duk sanarwar jarrabawa ko tantancewa ko kwas a kira su ɗaya bayan ɗaya, a rubuta ranar da aka kira.

Rami na uku, makin aiki na shekara, ko na tsohon fom ɗin APER ko na sabon tsarin auna ƙwazo. Shugaba ya ba mace maki kaɗan don "ba ta zauna ba". A auna ta da watannin da ta yi aiki, ba da waɗanda doka ta ba ta hutu ba. Kada ta sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, kuma in ba ta yarda da makin ba ta rubuta dalilinta a wurin, kafin ya wuce gaba.

Na huɗu shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin da sunan tausayi ake yinsa. "Hajiya tana da yara, kada a wahalar da ita da tafiya." "Maigidanta ba zai bari ba." Ba wanda ya tambaye ta! Bayan shekara goma a zo neman wanda ya san aikin fili, a ce ba ta da gogewa. A tambayi mace a rubuce, ita ta ce e ko a'a. In tana da uzurin gida ita ta san yadda za ta daidaita da maigidanta, ba aikin darakta ba ne ya yanke mata. Haka kuma taron da ake sa wa ƙarfe biyar na yamma a kai har bayan magariba, ko shawarar da ake yankewa a majalisar maza bayan an tashi. A nemi tarurrukan hukuma su ƙare cikin lokacin aiki, wannan ba ya cin ko sisi.

Abin da ke buƙatar kuɗi, kamar ɗakin shayarwa da banɗakin mata mai ƙofa da ruwa da wurin alwala, a rubuta shi tun lokacin da ake haɗa kasafin baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaki ɗaya, tabarma ko katifa, kujeru biyu, fanka, wurin wanke hannu da mai kula ɗaya sun isa farawa.

Maman Sadiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura na ukun, wanda ya fi wuya. Idan wanda ake ƙorafi a kansa shi ne shugaban da takarda za ta bi ta hannunsa fa? Kuma yawanci macen takan ce kada a ambaci sunanta, tana tsoron maganar ta kai gidan aurenta.

Barista Ɗan Fage:

Hajiya, tsoronta gaskiya ne, kada a raina shi. Amma a gaya mata tun farko: takardar koke marar suna ba a sauraronta a tsarin aikin gwamnati, haka wadda aka cika da zagi. Abin da za a iya yi mata shi ne a taƙaita masu sani, ba a ɓoye sunan gaba ɗaya ba.

Kafin ta rubuta komai, ta tara shaida. Littafi ƙarami: rana, lokaci, wuri, abin da ya faɗa da kalmominsa, wa ke kusa. A rubuta a ranar, ba bayan wata uku ba. Saƙonnin waya kada ta goge, kada ta sayar da wayar, domin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da saƙon ya fito daga cikinta. Hoton allo shi kaɗai lauyan ɗaya ɓangaren zai ce haɗawa aka yi. Ta aika masa saƙo ɗaya gajere mai ladabi cewa ba ta so, ya daina. Wannan saƙon yakan rushe kariyar da aka fi kawowa, wato "da yardarta". Ta kuma kwafi makinta na shekarun baya, domin ramuwar gayya takan zo ta nan: wadda ke samun yabo jiya, yau ta zama malalaciya, sai kwari, sai canjin wurin aiki zuwa inda ba kowa.

Batun hanya, kundin aiki ya sa neman lalata cikin manyan laifuka, waɗanda hukuncinsu kan iya kai wa ga kora. Idan shugaban sashe ne ake tuhuma, a rubuta wa babban sakatare ko shugaban hukuma ta hannun daraktan kula da ma'aikata, a faɗi a sakin layi na farko dalilin da ya sa ba a bi ta hannun shugaban sashe ba. Kada a wuce wata 6, don koken da ya daɗe haka sai da dalili mai ƙarfi ake karɓarsa. In cikin gida ya ƙi motsi, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC, wadda ke ɗaukar neman lalata don a sa hannu a takarda a matsayin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba. In ya kai ga taɓa jiki ko fyaɗe, ya zama laifin da ya wuce ofis: asibiti da 'yan sanda nan take.

Uwar Ƙungiya:

Ƙari kaɗan a kan na Barista, ƙanwata. Kuskuren da aka fi yi shi ne sulhun "a rufa asiri": a tara su a ofis ɗaya, dattijo ya ce a yi haƙuri, shi ya koma kujerarsa, ita a ɗauke ta. Wannan ba sulhu ba ne, an hukunta wadda aka zalunta. In za a raba su kafin a gama bincike, shi za a janye daga kula da aikinta da makinta, ita kuma ba a motsa ta sai in ita ta nema a rubuce.

Kwamitin bincike ya kasance mutum uku ko biyar, da mace aƙalla ɗaya mai babban mataki, da wakilin ƙungiyar ma'aikata, kuma kada a sa wanda ke ƙarƙashin wanda ake tuhuma. A saurari kowa shi kaɗai. Shi ma a ba shi ƙorafin a rubuce da lokacin amsawa, domin in aka tauye masa damar kare kai, kotu za ta rushe hukuncin ko da ya aikata, ya dawo da albashinsa na baya. A sa wa binciken wa'adi, kamar kwana 30, a rubuta shi a takardar kafa kwamitin. Fayil ɗin kuma kada ya bi hannun masinja daga tebur zuwa tebur. A rajistar sirri zai kwana, cikin ambulan a rufe, duk wanda ya ɗauka ya sa hannu da kwanan wata.